Kamfanin inshorar direban da ya buge ni yana so in sa hannu: in amince ko in dakata?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Kwana biyar da suka wuce ina tsaye a danja, wata mota ta buge tawa ta baya. Direban ya ba ni bayanan inshorarsa, muka rabu lafiya. Tun jiya wani jami'in kamfanin inshorar tasa yake kirana, yana so ya naɗi bayanina a waya, ya kuma ce idan na sa hannu a wata takarda za su biya ni cikin makon nan. Bayan motar ya lotsa, kuma tun washegarin ranar wuyana ke ciwo. Ni ma ina da tawa inshorar. In amince ko in dakata?"

Malam, sannu da wannan tsautsayi, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma ba ka lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen biyan diyyar haɗarin mota, na zauna a kujerar irin jami'in da ke kiranka, saboda haka zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena da shi abin ya sama. Ka dakata. Kada ka yarda a naɗi bayaninka yanzu, kada kuma ka sa hannu a takardar da ba ka karanta a tsanake ba. Abu biyu ne ke da gaggawa a wannan mako, kuma babu ɗayansu da ya shafi kamfanin wancan direban: ka ga likita a kan wuyanka, sannan ka sanar da naka kamfanin inshorar cewa an yi haɗari.

Dalilin dakatawar yana cikin wata tambaya da mutane kan manta su yi wa kansu, wato kamfanin nan na wane ne. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da wanda ya biya shi kuɗi, kuma alkawarin da kamfanin ya ɗauka shi ne zai ɗauke wa abokin cinikinsa nauyin da doka za ta ɗora masa idan ya yi wa wani ɓarna. Kai ne wanin, shi ya sa ma ake kiranta inshorar ɓangare na uku. Dokokin da suka tilasta irin wannan inshora, kamar dokar zirga-zirgar hanya ta Birtaniya ta 1930, an yi su ne domin wanda aka buge ya sami inda zai karɓi diyya ko da direban ba shi da ko sisi, amma ba su mai da kamfanin wakilin wanda aka buge ba. Jami'in da ke kiranka albashinsa daga kamfanin yake fitowa, kuma amanar da ke wuyansa ta kamfanin ce da ta direban da ya buge ka. Ba na cewa maƙiyinka ne. Yawancin waɗanda na yi aiki da su mutanen kirki ne masu son a biya wanda ya cancanta, sai dai kowannensu yana riƙe da fayiloli masu yawa, kuma fayil ɗin da aka rufe da wuri a kan kuɗi kaɗan ana lissafa shi a matsayin aiki mai kyau. Idan ka riƙe wannan a ranka, za ka iya yi masa magana cikin mutunci ba tare da ka miƙa masa ragamar al'amarinka ba.

Yana da kyau ka san abin da ke gabansa yayin da yake magana da kai. Da zarar an buɗe fayil, tambaya uku yake neman amsarsu. Ta farko, shin inshorar direban tana aiki ranar da aka yi haɗarin, kuma ta shafi wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin. Ta biyu, laifin wane ne, kuma kaso nawa. Ta uku, asarar da ake da hujja a kanta nawa ce. Duk tambayar da ya yi maka, komai sauƙinta, tana faɗawa ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun nan. Ka lura na ce asarar da ake da hujja a kanta. Abin da ka ji a jikinka, da kwanakin da ka rasa a wurin aiki, da kuɗin motar hayar da ka biya, duk gaskiya ne, amma matuƙar ba su shiga fayil a rubuce ba, a lissafinsa babu su. Jami'in ba zai iya sa hannu a biya kuɗin da ba zai iya kare shi a gaban shugabansa da takarda ba, ko da ya yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Game da naka kamfanin, mutane da yawa kan yi shiru don suna ganin tunda ba su da laifi babu ruwan kamfaninsu. Wannan kuskure ne. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana da sharaɗin a sanar da kamfani duk haɗarin da aka yi cikin hanzari, da laifinka ko babu, kuma jinkiri yakan ba kamfanin hujjar janye kariyarsa idan daga baya wancan direban ya sauya magana ya ce kai ne ka yi baya ka same shi. Na ga an yi hakan fiye da sau ɗaya. Sanarwa daban take da neman biya. Kana iya sanarwa kawai ka ce za ka bi haƙƙinka a ɗaya ɓangaren. Idan kuwa inshorarka cikakkiya ce, wadda ta haɗa da gyaran motarka, to kana da hanya ta biyu da sau da yawa ta fi sauƙi: kamfaninka ya gyara maka motar, sannan ya tsaya a matsayinka ya bi kuɗinsa a wurin kamfanin wancan direban. A wannan hanya za ka fara ɗaukar kason farko na asara da yarjejeniyarka ta ce naka ne, sannan a nemo maka shi daga ɗaya ɓangaren idan laifi ya tabbata a kansu. Amfaninta shi ne kamfaninka yana da alkawari da kai, kuma idan ya saɓa kana da inda za ka kai ƙararsa a matsayinka na abokin ciniki. Ka tambaye su tun farko ko bin wannan hanya zai shafi kuɗin inshorarka na baɗi.

A nan sai na ja hankalinka cewa doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai wuraren da ake bin tsarin da ba ya duba laifi a kan raunin jiki, inda kowa kan fara komawa ga nasa kamfanin ko ga wata hukumar gwamnati, kamar New Zealand tun 1974, da wasu jihohin Amurka irin su Michigan da New York. Kamfaninka zai gaya maka a kira ɗaya tsarin da ake bi inda kake. Abin da ke biye ya shafi tsarin da ya fi yawa, inda mai laifi ne ke biya ta hannun kamfaninsa.

Yanzu ga batun wayar. Sharaɗin ba da haɗin kai da ke cikin yarjejeniyar inshora tsakaninka da naka kamfanin yake. Da kamfanin wancan direban ba ka ƙulla komai ba, don haka a mafi yawan wurare ba dole ba ne ka ba su bayanin da za a naɗa. Akwai abin da ya kamata ka ba su, domin ba za su biya ba sai sun san wanda suke biya: sunanka, da hanyar samunka, da lambar motarka, da rana da wurin da abin ya faru, da sunan kamfanin inshorarka, da inda motar take idan suna son su gan ta. Kai kuma ka karɓi sunan jami'in, da lambar fayil, da adireshin imel ɗin da za ka riƙa aika takardu. Daga nan sai ka ce masa bayanin yadda haɗarin ya faru za ka aiko shi a rubuce.

Bari in nuna maka yadda naɗin waya yake cutar da mai gaskiya. Jami'i ya kira, ya gaishe ka, ya ce, "Yaya jikin?" Kai kuma, kamar kowane mai tarbiyya, ka ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Wannan amsar gaisuwa ce, amma a takarda za ta fito a matsayin cewa kwana biyar bayan haɗarin ka shaida da bakinka jikinka ya yi sauƙi. Sannan ya ce, "Kamar daƙiƙa nawa ka yi a tsaye kafin a buge ka?" Ba ka ƙirga ba, amma don kada ka ƙi amsawa sai ka ce kamar biyu ko uku. Bayan wata biyu, idan wancan direban ya ce burki ka taka ba zato ba tsammani, sai a ɗauko daƙiƙa biyun nan a ce ai kai ma ka yarda tsayawarka ke nan. Ba ka yi ƙarya ba, ƙiyasi ka yi, amma magana zarar bunu ce. A rubuce kuwa kana da damar ka zauna, ka duba hotunanka, ka rubuta abin da ka tabbatar kawai: ina tsaye a danja ta ba da ja, ƙafata a kan burki, sai na ji duka daga baya. Abin da ba ka sani ba, kamar gudun da motarsa ke yi, ka bar shi. Idan daga baya lauya ko kamfaninka suka ga ya dace ka ba da bayanin baki, sai a yi shi a ranar da aka tsayar, ka kuma nemi kwafinsa.

Dalilin da ya sa ake bibiyar ƙananan kalmomi irin waɗannan shi ne laifi ana raba shi kaso-kaso, kuma kowane kaso kuɗi ne. A yawancin ƙasashe, idan aka ce kana da kashi 20 cikin 100 na laifi, to za a rage kashi 20 daga diyyarka. Ingila ta koma wannan tsari da dokar 1945. Ragin bai tsaya ga yadda aka yi karon ba. A shari'ar Froom da Butcher ta 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce wanda bai ɗaura bel ba za a rage masa kashi 25 idan bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, ko kashi 15 idan zai rage tsananinsa kawai. Akwai ma inda abin ya fi haka tsauri: a jihohin Alabama da Maryland da Virginia da Carolina ta Arewa a Amurka, ɗan ƙaramin kason laifi yana iya hana mutum diyya gaba ɗaya. A naka lamarin hujja tana tare da kai, domin ƙa'idar tuƙi a ko'ina ita ce mai bin baya ya bar tazarar da zai iya tsayawa. Duk da haka ana iya neman kafa da cewa fitilun burkinka ba sa aiki, don haka ka sa bakanike ya duba su ya rubuta abin da ya gani kafin a taɓa motar.

Shaida kuma tana gushewa da sauri fiye da yadda ake zato. Kyamarorin shaguna da na kan hanya sukan goge abin da suka ɗauka bayan 'yan kwanaki ko makonni, don haka idan akwai kyamara kusa da danjar, ka je ka roƙi a adana maka hoton tun yau. Idan wani ya ga abin da idonsa, ka karɓi sunansa da lambarsa kafin ya manta. Ka ɗauki motar hoto daga nesa yadda lambarta za ta fito, sannan daga kusa ta kowane gefe, ka buɗe but ka ɗauki cikinsa har ƙarƙashin inda tayar safaya take, domin a nan ake ganin ko dukan ya shiga ciki. Idan an kai rahoto ga 'yan sanda, ka nemi kwafi ko lambarsa.

Ciwon wuyan shi ya fi damuna a duk tambayarka. Idan aka buge mota ta baya, kujera takan tura gangar jiki gaba yayin da kai ya fizgu baya sannan ya dawo gaba, sai jijiyoyi da naman wuya su wahala, kuma sananne ne cewa zafin yakan ɓoye na sa'o'i ko kwanaki kafin ya bayyana. Yawancin mutane suna warkewa cikin makonni, amma wasu yakan ja musu watanni, kuma a kwana na biyar babu wanda zai iya rantse maka a wane rukuni kake. Idan kana jin hannu yana mutuwa ko yana rasa ƙarfi, ko jiri, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, kada ka kwana ba ka je asibiti ba. Ko babu waɗannan alamu, ka je, ka gaya wa likita a fili cewa haɗarin mota ka yi ranar kaza, a rubuta haka a katinka. Lafiyarka ce dalili na farko. Na biyu shi ne duk ranar da ta wuce tsakanin haɗari da ganin likita tana ba kamfani damar cewa wani abu ne daban ya jawo ciwon. Ka ajiye rasit na kowane magani, ka riƙa rubuta ranakun da ciwon ya hana ka aiki ko barci, ka kuma karɓi takarda daga wurin aikinka a kan kwanakin da ka rasa. Idan kamfanin ya aiko da takardar izinin duba bayanan lafiyarka, ka karanta iyakarta. Wasu an rubuta su ne a buɗe, su shafi duk tarihin lafiyarka tun na shekarun baya. Ka taƙaita izinin ga jinyar da ta biyo bayan haɗarin da abin da ya shafi wuya, ko ka karɓi takardun da kanka ka aika. Idan ka taɓa ciwon wuya a da, kada ka ɓoye shi, domin doka a wurare da yawa tana biyan ƙarin tsananin da haɗari ya jawo wa tsohon ciwo, ɓoyewar kuwa idan ta tonu takan rushe har abin da yake gaskiya.

Takardar da ake so ka sa wa hannu, kusan na tabbata takardar sallama ce. A cikinta za ka ga jimla mai cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, kuma ka sallami direban da kamfaninsa daga duk wata da'awa da ta taso daga wannan haɗari, wadda aka sani da wadda ba a sani ba. Kalmomin ƙarshen nan su ne zuciyar takardar. Da zarar ka sa hannu bakin alƙalami ya bushe. Idan bayan wata uku likita ya ce wuyan yana buƙatar doguwar jinya, ko mai gyara ya kwance bamba ya tarar shasi ya lanƙwashe, daga aljihunka za ka biya. Kotuna ba safai suke warware irin wannan yarjejeniya ba. Faransa ta ga haɗarin abin, shi ya sa dokarta ta 1985 a kan waɗanda haɗarin mota ya shafa ta ba mutum kwana 15 ya janye bayan ya amince da sulhu, amma kada ka ɗauka kana da irin wannan dama sai ka tabbatar dokar inda kake ta ba da ita. Abin da nake ba da shawara shi ne ka raba da'awarka gida biyu, ta mota daban, ta jiki daban. Ta mota ana iya kammala ta cikin makonni, kuma idan za ka sa hannu a kanta ka tabbatar an rubuta ƙarara cewa sallamar ta shafi ɓarnar mota kaɗai. Ta jiki a bar ta a buɗe har ka warke, ko har likita ya iya faɗin inda ciwon zai tsaya. Ka duba har rubutun da ke jikin cek ko saƙon da ya rako kuɗin, domin wani lokaci a nan ake saka maganar biya na ƙarshe. Idan kana cikin matsin kuɗi, kana iya neman su ba ka wani ɓangare a matsayin somin-taɓi ba tare da rufe fayil ba, kuma inda laifi ya fito fili kamfanoni sukan yarda.

Motar kuwa, kamfanin yana da haƙƙin ya gan ta kafin a gyara, don haka kada ka fara gyara sai sun aiko mai duba ta ko sun rubuto cewa hotuna sun ishe su. Ƙiyasin farko da ake yi daga waje ƙiyasi ne na abin da ido ya gani. Bambar motocin yanzu roba ce da kan koma daidai bayan duka, alhali ƙarfen da ke bayanta ya lanƙwashe, kuma a cikinta akwai na'urorin gano kusanci da kyamarar baya waɗanda sai an sake saita su. Saboda haka ka nemi a rubuta cewa idan an kwance aka ga ƙarin ɓarna za a aiko da ƙarin ƙiyasi. Ka samo naka ƙiyasin daga garejin da ka amince da shi, a jera kowane kaya da kuɗin aikinsa. Idan sun ce ka kai garejinsu, ka tambaya ko dole ne. A wurare da yawa zaɓi naka ne, a Jamus ma wanda aka buge yana iya ɗauko nasa ƙwararren mai tantance ɓarna kamfanin mai laifi ya biya, in dai ɓarnar ba 'yar ƙarama ba ce. Garejinsu ba lallai ya zama marar kyau ba, sai dai ka tambaya wane irin kayan gyara za a saka, sababbi na kamfanin motar ko wasu, da kuma wa zai ɗauki alhaki idan gyaran bai yi ba.

Idan suka ce kuɗin gyara ya wuce ƙimar motar, to abin da za su biya shi ne darajarta a kasuwa daf da haɗarin, ba abin da ka saye ta ba, ba kuma kuɗin sabuwa ba. A nan ana yawan taƙaddama. Ka nemi su nuna maka motocin da suka kwatanta taka da su, kai kuma ka tattaro tallan motoci uku ko huɗu masu irin shekararta da tafiyarta da lafiyarta, ka haɗa da rasit na manyan gyare-gyaren da ka yi mata kwanan nan. Bayan gyara ko ƙima, akwai kuɗin janwe, da na ajiyar mota, da na motar da ka yi haya yayin da taka ke gareji, sannan wasu ƙasashe suna biyan faɗuwar darajar da mota kan yi saboda an san ta taɓa haɗari. Sai dai doka tana ɗora maka nauyin kada ka bar asara ta yi ta ƙaruwa ba dalili. Idan ka bar motar a wurin ajiyar da ake caji kullum har wata biyu, ko ka yi hayar motar da ta fi taka nesa ba kusa ba, za a biya ka abin da ya dace ne kawai, ragowar a kanka.

Sa'ad da takardunka suka cika, ka rubuta wasiƙa ɗaya mai lambar fayil a samanta, ka faɗi yadda haɗarin ya faru a taƙaice, ka jera kowace asara da adadinta, ka haɗa kwafin hujjar kowacce, asalin takardun kuma su zauna a hannunka. Tayin farko da za su yi maka mafarin ciniki ne, kuma ƙin karɓarsa ba ya soke haƙƙinka. Idan ya gaza abin da ka nema, kada ka yi fushi a waya; ka nemi su rubuto maka abin da suka cire da dalilin cire shi, sannan ka amsa ɗaya bayan ɗaya. A iya abin da na gani, takarda guda da ta toshe dalilinsu ta fi kira goma na faɗa tasiri. Duk lokacin da kuka yi waya, ka bi ta da gajeren imel mai cewa yau mun yi magana kun ce kaza, na ce kaza. Ka kuma kame hannunka daga rubuta labarin haɗarin a Facebook da makamantansa, domin ana dubawa.

Akwai agogo biyu da ke tafiya, kuma na biyun ya fi haɗari. Na farko na kamfanin ne: a ƙasashen Tarayyar Turai, misali, doka ta ba kamfani wata 3 daga ranar da aka gabatar masa da da'awa ya yi tayi mai dalili ko ya ba da amsa mai dalili. Na biyu naka ne, wato wa'adin shigar da ƙara kotu. A Ingila shekara 3 ne a kan raunin jiki, 6 a kan ɓarnar dukiya. A California shekara 2 da 3. A Tennessee shekara 1 tak a kan rauni. Musayar wasiƙu da kamfani, komai daɗewarta, a mafi yawan lokaci ba ta tsayar da wannan agogo, kuma ranar da wa'adin ya cika ƙarfin cinikinka ya ƙare, domin abin da ke sa kamfani ya biya shi ne sanin cewa kana iya kai abokin cinikinsa kotu. Ka binciki wa'adin inda kake tun yanzu, ka rubuta ranar a bangon fayil ɗinka.

Idan mota ce kawai ta lalace kuma an amsa laifi, yawancin mutane suna iya gama maganar da kansu. Amma idan wuyan ya wuce 'yan makonni, ko ya hana ka sana'arka, ko kamfanin ya musanta laifi, ko ya ce inshorar direban ba ta aiki, to ka ga lauyan da ya saba da irin wannan aiki, ka kuma sa ya rubuta maka yadda zai karɓi kuɗinsa kafin ku fara. Ko da ya tabbata direban ba shi da inshora, hanya ba ta toshe ba: wasu yarjejeniyoyin suna da kariya daga irin wannan direba, wasu ƙasashe kuma suna da asusu na musamman, kamar hukumar da kamfanonin inshorar mota suka kafa a Birtaniya a 1946. Kai kuma, don Allah, kada ka yarda wani ya ba ka shawarar cusa tsohuwar lotsa cikin ƙiyasi ko ƙara wa ciwo gishiri. Masu duba mota suna bambance sabon karce da mai tsatsa da kallo ɗaya, kuma ƙarya ɗaya tana iya mai da mai haƙƙi wanda ake tuhuma da zamba.

Idan jami'in ya sake kira gobe, ka gaishe shi, ka karɓi sunansa da lambar fayil da imel ɗinsa, sannan ka ce masa: "Ranka ya daɗe, na sanar da kamfanina, kuma ina ganin likita a kan wuyana. Ba zan ba da bayanin da za a naɗa ba, zan aiko shi a rubuce. Takardar da kuke so in sa wa hannu ku turo mini ita in karanta, ku kuma gaya mini ranar da mai duba motar zai zo."